Kitse a Gindin Darma

Ni ne na yi laifin, ba Baba Yusha'u ba. Da wannan na fara domin mai karatu ya san da wa yake tafiya tun daga farko.

Tun da na dawo Yawuri daga Riyad, ba na zama a majalisarmu ta bakin kogi ba a ce, "Haruna, ba mu labarin Saudiyya." Wani ya tambayi tsawon benaye, wani ya ce wai da gaske ne ana zubar da shinkafa da nama a bola. Nakan ba su abin dariya in tashi. To, na gaji da ba da rabin labari. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, saboda haka kada a nemi ado a rubutuna. Abin da ya faru kawai zan faɗa.

Mahaifina ɗan kwale-kwale ne, a ruwa na tashi, daga baya na koma tuƙin mota. Ina da shekara talatin da takwas aka samo mini bizar direba a wani kamfanin gina hanyoyi. Ranar tafiya maiɗakina ta ɗaure mini bandar kifi a cikin tsohon zane, ta cusa a ƙasan jaka. Muka bi ta Jega da Sakkwato da Gusau, taya ta fashe mana sau biyu kafin Funtuwa, muka isa Kano kowa ya yi futu-futu. Kwana huɗu na yi a can ana ɗibar jinina ana ɗaukar hoton ƙirjina. Ban taɓa hawa jirgin sama ba sai ranar. Da aka kawo abinci na ga ɗan farin abu a takarda, na zaci cuku ne na gatsa, ashe man shanu ne. Wata Bahabashiya da ke kusa da ni ta yi ta dariya har ta share hawaye.

A filin jirgin Riyad na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi ni. Filafili da sitiyari sun cinye zanen hannuna. Jami'in ya danna yatsana, ya sake dannawa, sannan ya nuna mini in goga a goshi. Na goga, maiƙon fuska ya taimaka, ta karɓa. Ina murna na wuce, sai aka buɗe jakata. Wanda ya kwance zanen ya ja da baya ya toshe hanci, ya kira abokinsa ya zo ya gani. Kifin nan ban sake ganinsa ba. Na fita daga filin jirgi ba ni da wani abu na gida sai tufafin jikina da warin banda a jaka.

A Manfuha aka sauke ni, tsohuwar unguwa ce a kudancin gari, inda baƙi 'yan ƙwadago suke cunkushe a gidajen haya. Mu uku ne a ɗakinmu. Akwai Bala, direba Bakano, wanda bakinsa ba ya hutawa. Yana ganina ya ce, "An kawo mana ɗan ruwa cikin hamada. Malam, a nan kogi ɗaya ne, yana cikin famfo." Na ukun shi ne Malam Yusha'u, dattijo Bazazzage, ma'aikacin safiyo, wato masu awon ƙasa kafin a yi hanya. Ya haura shekara ashirin a kamfanin. Yana da halin kama ɗaki shi kaɗai a unguwa mai kyau, amma ya ce ba ya iya cin abinci babu mai ce masa sannu da Hausa. Kowa Baba yake ce masa.

Abinci bai ba ni wahala ba sosai. Da safe tamis, wani faffaɗan burodi mai zafi, da wake da aka dama da mai. Da rana kabsa, shinkafa da kaza a faranti ɗaya, a zauna a ƙasa a ci da hannu kamar gida, sai dai babu yaji. Abin da ya dame ni gaisuwa ce. A Yawuri kafin ka kai kasuwa ka gaisa da mutum talatin, an tambayi gajiyarka da iyalinka da kwanan tsohuwarka. A Riyad kowa na cikin mota, gilashi a rufe. Maƙwabcinmu na ƙofa da ƙofa, shekara guda muna haɗuwa a matakala, bai wuce sallama ba. Kuma babu ruwa. Wata rana na tsinci kaina tsaye a gefen titi ina kallon yadda ake ba itatuwa ruwa da siririn tiyo, har wani mai mota ya yi mini hon.

A takarda ni direba ne, amma da aka haɗa ni da Baba sai aikin ya zama biyu. In kai shi wurin aiki a bayan gari, sannan in riƙe masa sandar awo. Doguwar sanda ce mai lambobi. Shi yana tsaye nesa da na'urarsa mai ƙafa uku, yana leƙawa ya karanta lambar, ya rubuta a littafi. Da haka ake sanin tudu da kwari. Muna magana ta oba-oba. Kullum tambayarsa ɗaya ce kafin ya rubuta: "Ɗan Yawuri, ka taka ƙasa?" In ce, "Na taka, Baba."

A jikin bangon da ke saman gadonsa akwai wata tsohuwar taswira da ya saya a Jidda, kwafi ce, ta yi ja don tsufa. Na daɗe ina kallonta ban gane ba, don babu garuruwa sosai, sai ƙananan lambobi birjik kamar an watsa gero. Wata Juma'a bayan mun ci abinci na tambaye shi.

Ya ce, "Bahar Maliya ke nan, tekun da ke tsakanin ƙasar nan da Sudan. Kowace lamba zurfin ruwa ce."

Bala ya ce, "Shi ke nan, ka taɓo masa kyaftin. Ni na tafi aski."

Baba bai kula shi ba. Ya ce kusan shekara ɗari biyu da suka wuce aka turo wani kyaftin na sojan ruwan Turawan Ingila ya auna tekun nan, domin cike yake da duwatsu a ƙarƙashin ruwa masu farke cikin jirgi. Shekaru suka yi suna abu ɗaya, ga zafi, ga zazzaɓi. Mutum zai tsaya a gefen jirgi ya jefa igiya mai darma a baki, ta nutse har ƙasa, ya faɗi tsawon da ta ci, a rubuta, a matsa gaba a sake jefawa.

Na ce, "Ai mu ma haka muke yi da gora in ruwa ya janye."

Ya ce, "To ka gane. Amma ga abin da ya burge ni. Gindin darmar nan akwai rami, sai su cusa kitse a ciki. In ta taɓa ƙasa, za ta dawo da yashi ko laka ko ɓawon katantanwa manne a kitsen. In ta dawo fes, to ba a yarda da lambar ba."

Ya ce kakansa ya yi hajjin ƙafa, ta Sawakin, tashar jiragen ruwa a Sudan, ya tsallaka tekun nan. Bai san ko matuƙin jirginsu ya taɓa ganin takardar ba, amma jiragen alhazai da yawa bayan nan da ita suka kauce wa duwatsu.

"Ba don Allah kyaftin ɗin ya yi ba," in ji shi, "don jiragen ƙasarsu ya yi. Kuma dubi nan ƙasa, sunansa ne a rubuce. Masu jefa igiyar da Larabawan da suka nuna masa hanya, babu sunan ko ɗaya. Amma ya mutu, jirginsa ya ruɓe, lambobin suna nan, don an taɓa ƙasa kafin a rubuta." Sai ya dube ni ya yi murmushi. "Ni ba ni da kitse, Ɗan Yawuri. Bakinka ne kitsena."

Na yi dariya a lokacin. Na ɗauka hira ce ta tsofaffi.

Baba yana da wata ɗabi'a: duk ɗan ƙasarmu da ya rasu a Riyad, ko bai san shi ba, sai ya je jana'iza. Da shi na fara shiga maƙabartar Al-Ud, ranar da aka binne wani birkila ɗan Gwambe. Mu bakwai ne kawai a bayan gawar. Kaburburan duk iri ɗaya, tudun ƙasa da ɗan dutse, babu rubutu. Baba ya ce har sarakunan ƙasar a nan suke kwance, haka nan babu suna. A hanyar dawowa ya ce shi abin da zai bari a ƙasar nan littattafan awonsa ne, kuma tun da ya fara aiki ba a taɓa dawo masa da lamba an ce ba daidai ba. Bai faɗa da alfahari ba. Ya faɗa ne kamar mai lissafa abin da ya rage masa a duniya.

Yanzu na zo wurin laifina.

A shekarata ta biyu aka tura mu awon wani wadi, wato busasshen rafi, a yammacin gari, inda za a sa kwalbati hanya ta bi ta kai. Bazara ce, rana ta kusa tsakiya, saura awo ɗaya mu tashi: tsakiyar ƙasan rafin. Na fara gangarawa. Gangaren da tsayi, tsakuwa tana zamewa. Kafin ƙasa akwai wani faffaɗan dutse da ya fito daga jikin gaɓa. Na tsaya a kansa. Daga inda Baba yake ba ya ganin ƙafata, saman sandar kawai yake gani.

Na sha gaya wa kaina cewa maciji na ji tsoro, ko jiri ne ya ɗebe ni. Ƙarya ne. Ban ga komai ba. Na dubi sauran gangaren, na tuna sai na sake hawowa, na ji ƙyuya. Na ce a raina, ɗan wannan me zai ɓata?

Oba-oba ta yi ƙara. "Ɗan Yawuri, ka taka ƙasa?"

Na ce, "Na taka, Baba."

Ya rubuta, ya sa hannu a ƙasan shafin. A mota har ya miƙo mini ruwan sanyi ya ce sannu da rana.

Aka yi zane a kan lambobinsa, aka zuba kankare, aka yi hanya. Mu kuma muka koma wani wurin, na manta. Ruwan sama a Riyad ba ya yawan zuwa, amma in ya zo ba ya sallama. Da sanyi ya shigo aka yi ruwa kwana biyu, rafin ya cika, ruwa ya bi ta ƙarƙashin kwalbatin ya kwashe ƙasar da yake zaune a kai, gefen hanya ya rufta. Allah ya kiyaye ba a buɗe hanyar ba tukuna, babu wanda ya ji ciwo. Aka sake awo, aka ga ƙasan rafin ya fi abin da ke littafi zurfi.

Aka kira mu ofis a Ulaya, unguwar dogayen benaye. Ban taɓa hawa can ba, kullum a ƙasa nake jira da mota. Sanyin ɗakin har cikin ƙashi. Mudir, wato manajan, yana zaune, Usman shugaban ma'aikata, Basudane, yana fassara. Aka tambayi Baba, ya ce abin da ya gani ya rubuta. Aka juyo kaina.

Usman ya ce, "Ya zol," wato malam a bakin Sudanawa, "a ina ka kafa sandar?"

Na tuna iƙamata, takardar zama da ke hannun kamfani. Na tuna 'ya'yana huɗu. Na ce, "A ƙasan rafin."

"Ka tabbata?"

Na ce, "Wallahi."

Baba bai ko dube ni ba, don bai yi shakka ba. Ya cire tabaransa ya juya shi a hannu, ya ce da Larabci, "To kuskuren nawa ne." Cikin mako uku aka ba shi takardar fita ta dindindin.

Ni na kai shi filin jirgi. Wannan ita ce tafiya mafi tsawo da na yi a ƙasar, ko awa ɗaya ba ta kai ba. Yana kallon titi ya ce, "Ido ne, Haruna. Tsufa ba ya shawara. Na daɗe ina jin ana cewa in huta, ina gardama." Na kusa faɗa masa gaskiya, na fasa. Na ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri, Baba." Da zai shiga ya riƙe hannuna ya ce ya bar mini taswirar, tun da ni ɗan ruwa ne, in riƙa kallon teku ko a takarda.

Wata goma sha huɗu na ƙara a Riyad bayan tafiyarsa. Aka kawo wani mutumin Bangaladash gadon Baba, ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa. Taswirar tana nan a bango, ban iya cire ta ba, ban iya kallonta ba, sai na koma kwanciya ina fuskantar ƙofa. Na daina zama cin abincin Juma'a. Bala ya ce, "Kai kuma tun da tsohon nan ya tafi ka zama kamar bazawara. Ko taswirar kyaftin ɗin da ka gada ce ta yi maka nauyi?" Ranakun hutu nakan ɗauki mota in yi ta zagaya titunan da ba na sanin kowa, in tsaya in sayi shayi in sha a cikin mota gilashi a rufe, kamar 'yan gari. In maiɗakina ta kira ta ce muryata ta canja, in ce mura ce. Na yi Umra sau biyu, na roƙi gafara a gaban Ka'aba, amma ko ni da ban yi karatu ba na san haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe.

Abin da ya karya ni waya ce. Ranar ƙaramar Salla Bala ya kira Baba, ya buɗe murya muka gaisa duka. Bala ya ce, "Baba, an ce duk filayen Zariya kai kake yankawa yanzu." Ya yi dariya ya ce a'a. Ya ce mutanen unguwarsu sun zo har gida su roƙe shi ya fitar musu da harsashin sabon masallaci da magudanar ruwansa, ya ba su haƙuri. "Na ajiye awo, Bala. Wanda idonsa ya ci amanarsa sau ɗaya, ba ya gwaji da ɗakin Allah."

Ashe ba aikinsa kaɗai na raba shi da shi ba. Na sa mutum ya ƙaryata idonsa mai lafiya.

Bayan hutun Salla na hau benen Ulaya da ƙafata, na gaya wa Usman komai. Da na gama ya kai ni wurin mudir. Mudir ya saurara rabi da rabi yana duba wayarsa, ya ce, "Halas," wato an gama, an rufe fayil, an riga an gyara hanya. A waje Usman ya ce, "Ya zol, ba a nan ake bin ka wannan maganar ba." Amma ya zauna ya rubuta layi uku a takardar kamfani, cewa karatun Malam Yusha'u daidai ne, sanda ce ba a kafa a wurinta ba. Ya sa aka buga hatimi. Da kwantiragina ya ƙare ba su sabunta ba, ni ma ban nema ba.

Na naɗe taswirar a cikin bututun roba na rungumo ta har Kano. A filin jirgi wani jami'i ya buɗe ya ga lambobi, ya ce ko taswirar ma'adinai ce. Na ce ta ruwa ce. Ban wuce gida Yawuri ba, motar Zariya na shiga.

Na sami Baba da hantsi a zauren gidansa a Tudun Wada, yana zaune a kan buzu, rediyo a gefe. Ya rame kaɗan. Yana ganina ya miƙe. "Ɗan Yawuri! Kai ne da hantsin nan? A kawo ruwa, a kawo fura!" Ya tambayi Bala, ya tambayi Usman, ya tambayi ko mai tamis na kusurwa yana nan. Na amsa duka. Na miƙa masa bututun, ya ce ai kyauta ba ta komawa. Na ce ya dai riƙe tukuna. Sannan na ba shi takardar Usman.

Ya sa tabarau ya karanta. Ya sake karantawa. Ya kashe rediyon.

Na ce, "Baba, ranar nan ban taka ƙasa ba. A kan dutse na tsaya."

Ya ajiye takardar a kan buzun. Da ya buɗe baki, ba zagi ya yi ba. Tambayar ma'aikaci ya yi.

"Daga dutsen zuwa ƙasa, nawa ne?"

Na miƙe na nuna ƙuguna.

Ya dubi ƙuguna, ya dubi ƙasa, na ga leɓensa yana motsi yana lissafi. Ya ce a hankali, "Daidai abin da suka ce ya ɓace." Ya cire tabaran ya riƙe shi nesa yana kallo, kamar wanda ya haɗu da aminin da ya yi wa ƙazafi. "Shekara guda da wata biyu ina zargin idon nan."

Aka shigo da furar aka ajiye, babu wanda ya taɓa. Na sauka daga tabarma na durƙusa a kan simintin zauren, na ce:

"Baba, ka tambaye ni na yi maka ƙarya. Aka tambaye ni a gabanka na rantse da Allah a kan ƙarya. Na kai ka filin jirgi kana zargin idonka, ina jinka na yi shiru. Ba zafi ba ne, ba maciji ba ne, ƙyuya ce da farko, tsoro daga baya. Ba ni da abin da zan mayar maka da aikinka. Idonka lafiya lau yake, ni ne darmar da ta dawo babu yashi. In za ka fitar wa mutanen nan harsashin masallacinsu, ni zan riƙe sandar, kuma ka sa wani ya tsaya ya ga ƙafata. Na cuce ka, Baba. Don Allah ka yafe mini."